Kai Goma a Falon Darakta

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannun Darakta zai gaya maka cewa mutumin nan ba ya bari ka taka totur, kuma ba ya bari ka yi magana. Kana fama da sitiyari gumi na tsatstsafo maka, shi yana gefe yana zuba maka labarin finafinan da aka yi tun kakarka ba ta yi haƙori ba. Sunan ma ba wani ne ya sa masa ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya kai wa mai fenti ya rubuta masa a bayan motar koyon da manyan baƙaƙe.

Abin taƙamarsa yana ɗakin tsakiya na gidansa. Faifan finafinai ne, amma kada ka kuskura ka haɗa masa su da na bakin titi. Nasa tsofaffi ne na shekara saba'in da tamanin, waɗanda masana a ƙasashe masu nisa suka tono a rumbunan ajiya, suka wanke su tas, suka gyara hoto da murya, suka sake fitar da su cikin kwalaye masu sheƙi. Shekara goma sha ɗaya yana tarawa. Duk wanda zai yi tafiya waje, sai Darakta ya raka shi har tasha da 'yar takardar saƙo. Kanta huɗu ya cika daga bango zuwa bango, faifai ɗari uku da sittin da biyu, kowanne cikin ledarsa ta kamfani. Ko guda ɗaya bai taɓa ɓarewa ba.

"Ana ɓare leda, daraja ta tafi," haka yake ce wa baƙi.

In wani mai ƙarambani ya ce to ta yaya ya kalle su, sai ya yi murmushin tausayi ya ce, "Ai na kalle su kafin na saya. Waɗannan ajiya ce." Ƙarya ce tsagwaronta. Bayan kwali kawai yake karantawa, wanda rubutunsa ya gagare shi kuma ya kalli hoton ya ƙirƙiro sauran.

Matarsa, wadda unguwa ke kira Anti Tela, a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki take ɗinki. Nan kekenta yake, nan take yanka, nan take guga. In mai kaya ta zo gwaji, a bayan ƙofar kicin take sauya riga, ana riƙe mata ƙofar da ƙafa. Shekara shida tana haƙuri, faifai na kwance a ɗaki mai taga biyu, ita tana zura zare a duhu.

Ranar da abin ya ishe ta, Darakta ne ya fito wanka ya yi karo da gwangwanin allurarta, ya taka guda, ya hau tsalle da ƙafa ɗaya yana cewa a kwashe masa tarkacen nan daga hanya.

Ta ajiye almakashi a hankali. "Tarkace? Maigida, wannan tarkacen aiki yake yi. Naka na ɗaki fa, me yake yi ban da shan iska?"

"Ke ba za ki gane ba. Tarihin duniya ne a ɗakin nan. Da zan nuna guda ɗaya kawai, sai layin nan ya cika da mutane har bakin kwalta."

"To nuna."

"In nuna me?"

"Guda ɗaya. Ranar Asabar da rana, a falo. In fim ya ƙare akwai kai goma a zaune, ɗaki naka ne, ba zan ƙara tayar da maganar ba har abada. In bai kai goma ba, ka kwashe, keke ya shiga."

Da mai hankali ne sai ya ce bari ya yi shawara. Darakta kuwa dariya ya yi har da buga cinya, allura na maƙale a diddigensa. "Goma? Kin raina ni. Ki ce hamsin mana."

"Goma ta ishe ni. Yaya ne zai ƙirga."

Yaya wanta ne, hedimasta mai ritaya, mutumin da ya shekara talatin yana kiran suna a aji, kuma har yau in ya shiga motar haya sai ya ƙirga fasinjoji.

Tun daga ranar Darakta ya shiga gayyata, kowa da irin zumar da yake lasa masa. Ɗan Tasi ya ce masa akwai tseren motoci da ba a taɓa yin irinsa ba. Mai Aski ya ce masa dambe ne daga fari har ƙarshe. Malamar Asibiti da ke maƙwabtaka da su ya ce mata ta taho da hankici biyu, don soyayya ce mai sa kuka. 'Yan koyon tuƙinsa kuwa ya sanar da su cewa wanda bai zo ba zai maimaita ribas mako guda.

Safiyar Asabar ya shiga ɗakin ya rufo ƙofa. Ya ɗauko wannan ya mayar, ya ɗauko wancan ya shafa ya mayar. Da ƙyar ya tsayar da zuciya a kan wani baƙin kwali mai hoton mutum da hula a kan gada. Ya sa farce a gefen ledar, ya fasa. Ya sake sawa, ya fasa. Sai da Anti Tela ta leƙo ta miƙo masa almakashi.

"Ko in yanka maka?"

"Kada ki taɓa. Abin nan sai da ladabi."

Ledar ta yi ƙara, shi ma zuciyarsa ta yi. Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa.

Ya saka faifan a tsohon injinsa. Injin ya yi gurnani ya tofo shi. Ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya sake sakawa, injin ya sake tofowa. A karo na biyar ya aika aka kira Mai Rediyo daga shagonsa na bakin layi.

Mai Rediyo ya juya faifan a haske ya dubi injin. "Darakta, ai wannan faifan ba na wannan injin ba ne. Sabon samfuri ne, injinsa daban. Sauran duk irinsa ne?"

"Kusan duka."

"To da me kake kallonsu duk shekarun nan?"

Darakta ya yi tari. "Wancan injin nawa na kai shi ajiya. Ka san abu mai daraja ba a barinsa a fili."

Mai Rediyo ya daɗe yana sosa haɓa. Ya koma shago ya dawo da wani inji da wani matafiyi ya kawo gyara ya manta da shi, da rimot mai rubutun wata ƙasa, da ƙaramin majigi. Ya jona wayoyi, ya ce saura farin ƙyalle da za a haska a kai. Darakta ya leƙa lungu, ya ga Anti Tela ta shiga kicin, ya zaro wani farin yadi daga cikin tulin kayanta, ya kafe shi a bango da ƙusa huɗu. Tagogi kuma ya toshe su da barguna, falo ya yi duhu dunɗum, zafi ya fara taruwa kamar an kunna murhu.

"Na saka faifan, ya karɓa," in ji Mai Rediyo. "In mutane sun taru sai ka..."

"Malam, ni za ka koya wa fim?"

"A'a, ina nufin rimot ɗin ne, akwai..."

"Je ka shagonka. Kai naka waya ne, ni nawa ilimi."

Mai Rediyo ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Ƙarfe biyu falo ya cika. Yaya ya zauna a bakin ƙofa da biro da takarda ya ƙirga kai goma sha tara. Darakta ya fito cikin kwat a wannan zafin, riƙe da eriyar mota a matsayin sandar nuni, ya yi jawabin minti ashirin a kan yadda idon yawancin mutane bai waye ba. Sannan ya cire murfin majigi.

Hoto ya faɗo a kan yadin, fari da baƙi, garau kamar yau aka ɗauka. Har Ɗan Tasi sai da ya ce, "Kai, ya fito fa." Ga mutum da hula tsaye a kan gada, ruwan sama na zuba. Wata mata ta buɗe taga ta leƙo. Wani kare ya ratsa titi. Wani siririn kiɗa na tashi a hankali, a can ƙasa kuma ga wasu kalmomi huɗu cikin rubutun da ba wanda ya iya karantawa.

"Tsaya," in ji Malamar Asibiti. "Wannan ba yadin kayan aikina ba ne da na kawo ɗinki?"

Anti Tela ta dubi bango, ta dubi mijinta. "Shi ne, Malama. Da ƙusa huɗu."

"A yi shiru, fim ya fara," in ji Darakta.

Hoton ya ɗan dushe, ya dawo. Mutum da hula a kan gada. Mata ta buɗe taga. Kare ya ratsa titi.

"Ba yanzu karen nan ya wuce ba?" in ji Mai Aski.

"Wani karen ne. Ka lura da wutsiyarsa."

Aka zuba ido ana jiran wutsiya. Mutum da hula, mata da taga, kare. Wutsiyar dai ita ce.

A zagaye na shida Darakta da kansa ya fara zargin akwai matsala. Amma ya tuna ya taɓa karantawa a bayan wani kwali cewa irin waɗannan finafinan sai mai haƙuri, don haka ya gyara kwat ya nuna gadar da eriya.

"Abin da ya sa ake kiransa gagarumin aiki ke nan. Mai fim ɗin yana nuna muku cewa rayuwa maimaici ce. Jiya ka tashi, yau ka tashi, gobe ka tashi. Kai Mai Aski, kan da ka aske wancan makon ba shi ne zai dawo maka wannan makon ba?"

Mai Aski ya gyaɗa kai. "Da gaskiyarka fa."

"To ina tseren motocin?" in ji Ɗan Tasi.

"Yana zuwa. Ba ka ga titin ba? An share fage ne."

Yaya ya nuna ƙasan yadin da biro. "Wannan rubutun me yake cewa?"

"Fassarar zancen zucin mutumin ce, Yaya. Cewa yake: ya ke taga, yaushe za ki buɗe."

Bayan minti goma Yaya ya sake tambaya. Darakta, da ya riga ya manta abin da ya faɗa, ya ce yanzu matar ce ke cewa ruwa ya hana ta shanya.

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Rubutu bai canja ba, ma'ana ta canja. Shekara talatin ina koyarwa ban taɓa gamuwa da irin wannan harshe ba."

"Harshe ne mai zurfi, Yaya."

Zafi ya yi zafi. Aka kunna fanka, iska ta shiga bayan yadin ta kumbura shi, mutumin gada ya yi tumbi ya sace, ya yi tumbi ya sace. Aka kashe fanka. 'Yan koyon tuƙi uku suka yi shawara a kunne cewa ribas na mako guda ya fi sauƙi, suka sulale. Wata maƙwabciya ta ce ta bar tukunya a wuta, wata ta ce za ta taya ta dubawa, ta ukun ko dalili ba ta tsaya bayarwa ba. Duk wanda ya fita, Yaya zai ja layi a takarda ya faɗi abin da ya rage da ƙarfi, kamar mai sanar da sakamakon jarrabawa.

"Sha uku."

Darakta ya ƙara ƙaimi. Ya ce karen talaka ne, gadar gwamnati ce, tagar kuma zuciyar ɗan Adam. Ya ce a zagaye na arba'in akwai wani ɗan motsi da matar ke yi da gira wanda masana suka rubuta littafi guda a kansa. Malamar Asibiti ta rantse ta ga motsin. Ɗan Tasi ya fara yi wa karen kirari duk lokacin da ya fito, har ana tafa masa.

Ana cikin haka, kusan minti hamsin da farawa, aka ɗaga labulen ƙofa. Mai Rediyo ne ya rufe shago ya zo ganin yadda ake ciki. Ya tsaya ya kalli yadin, ya kalli jama'a sun yi jugum suna sharce gumi.

"Au, ba ku fara ba har yanzu?"

"Mun kusa tsakiya," in ji Darakta. "Ka samu wuri ka zauna, kada ka dame mu."

"Wace tsakiya? Ai wannan shafin zaɓi ne. Ƙofar shiga ce kawai, haka zai yi ta juyawa har gobe in ba a danna ba. Wannan rubutun na farko shi ne fara kallo, na biyu zaɓen harshe." Ya ɗauki rimot daga hannun kujera ya danna sau uku.

Gada ta ɓace. Kiɗa mai ƙarfi ya tashi, sunaye suka fara hawa, ga fassara ta fito a ƙasa da harshen da kowa ke iya karantawa.

Mai Aski ne ya fara, wata 'yar dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Ɗan Tasi ya zame daga kujera ya kwanta a ƙasa yana riƙe ciki yana cewa, "Karen talaka ne, gadar gwamnati ce." Malamar Asibiti ta yi amfani da hankicinta duka biyun, amma ba don soyayya ba.

Yaya bai yi dariya ba, wanda hakan ya fi ciwo. Ya cire tabarau ya ce, "Darakta, tsakaninka da Allah, ka taɓa kallon fim ɗin nan?"

"Wato, Yaya, akwai bugu iri biyu. Wanda na sani..."

"A cikin ɗari uku da sittin da biyun, ka taɓa kallon guda?"

Darakta ya sunkuyar da kai. Kunya ta lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ajiye eriya, ya ce bari ya duba ko ya kulle mota, ya fice. Ya buɗe motar koyon, ya shige kujerar baya, ya kwanta ya ja kwat ya rufe fuska.

Wasu suka biyo bayansa suka fita, don labarin ya yi musu zafi a baki, sai sun kai shi bakin layi. Sauran suka ce tunda an sha wannan gumin, bari a ga abin da ke bayan ƙofar.

Ashe fim ne na gaske. Labarin wani tsohon mai gadin gada ne da aka sallama daga aiki, ya ɓoye wa matarsa, kullum ya sa hula ya fita da karensa kamar mai zuwa aiki. Babu tseren mota, babu dambe, amma kafin rabin sa'a ba wanda ya ƙara tuna zafi. Inda tsohon ke sara wa sabon mai gadi don kada matarsa ta gane daga taga, falon ya kwashe da dariya.

Darakta na jiyo su daga mota. Duk dariyar da ta tashi sai ya ƙara dunƙulewa, yana cewa a ransa har yanzu da shi ake.

Can sai ya ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Anti Tela ce.

"Maigida, ka taso ka shigo. Wallahi fim ɗinka da kyau."

"Ki je ki ci gaba da yi mini dariya."

"Ba wanda ke ta taka. Ana ta tsohon nan ne. Ka taso, na ce maka. Don kanka nake faɗa."

Ya ɗan zame kwat daga fuska, ya ga Ɗan Tasi na leƙowa ta gefen bargon taga. Nan take tsohon halin ya motsa. Ya ɗaga murya yadda za a ji. "Ni da na kalle shi sau bakwai, me zan gani? Ku dai da ba ku sani ba ku ƙarasa."

Ta tsaya tana dubansa, tausayi da haushi suka haɗu mata. "Shi ke nan," ta ce, ta koma ciki da sauri don kada wani abu ya wuce ta.

Wajen ƙarfe biyar aka yaye barguna. Darakta ya jira ya ji kiɗa ya tsaya, sannan ya fito ya karkaɗe kwat ya shiga falo da fara'ar aro. Ya tarar ba wanda ya tashi daga wurinsa. Idon Mai Aski ya yi ja. Ɗan Tasi na ta jan hanci yana cewa mura ce. Malamar Asibiti ta ce ta yafe ramukan ƙusa.

Ganin haka sai ƙirjinsa ya dawo wurinsa. "To, me na gaya muku? Na ce muku gagarumin aiki ne. Yaya, a faɗi sakamako."

Yaya ya miƙe ya nuna kowa da biro ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da kansa, ya haɗa da ƙanwarsa. Ya sake bi daga ɗaya gefen.

"Tara."

"A sake ƙirgawa."

"Sau uku na ƙirga lokacin da fim ya ƙare. Tara."

"Ga ni ai. Goma."

"Kana mota," in ji Yaya. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Darakta ya dubi kujerarsa da ke gaban yadin, wadda ba wanda ya zauna a kai tun da ya tashi. Ya juya ga matarsa, murya ta yi ƙasa. "Haba, ke kuwa. Mutum ɗaya tak."

"Mutum ɗayan nan har mota na bi shi na roƙe shi," in ji Anti Tela. "Ni da nake son ɗakin na zauna na kalli fim ɗinka har ƙarshe. Kai da kake da shi ka kasa."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Ɗan Tasi ya tashi ya naɗe hannun riga, ya tambayi Anti Tela ta wane gefe ake kama keken. Mai Aski ya kama ɗaya gefen. Darakta na tsaye a tsakiyar falo suka zo wucewa da shi, sai da suka ce masa ya ɗan matsa.